Ƙamus da Jadawalin Ma'anoni: Sharhi a kan Hanyar Daidaita Ma'anonin Hausa da na Wasu Harsuna, da Misalai daga Magarya da Dungas

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Nijar, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ke nan takardar gargaɗin manoma, da littafin ɗan makaranta, da bayanin da ake yi wa majinyaci, za su riƙa ƙetarawa daga wannan harshe zuwa wancan fiye da yadda aka saba, kuma wani kashi na aikin kwamfuta ce za ta fara yin sa. Gaskiya ne cewa na'urorin fassara na yanzu daga tarin rubuce-rubuce suke koyo, ba daga ƙamus ba. Amma wajen tsayar da keɓaɓɓun kalmomi, da binciken takardu, da auna ingancin ita kanta fassarar, har yanzu ana komawa ga jadawalin ma'anoni.

Manufar wannan takarda ita ce ta auna hanyar da aka saba bi wajen gina irin wannan jadawali daga ƙamus, a ga ko za ta iya ɗaukar Hausa. An zaɓi gundumomin Magarya da Dungas na jihar Damagaram a matsayin wurin gwaji saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasa ce ta Hausawa manoma mai cunkoson jama'a, wadda ƙidayar 2012 ta nuna mutanenta sun haura 900,000. Na biyu, tana bakin iyaka: Magarya tana fuskantar Ɓaɓura da ƙasar Daura, Dungas kuwa tana fuskantar Maigatari. A nan ne Hausar da ta zauna da Faransanci take gamuwa da wadda ta zauna da Ingilishi kowace ranar kasuwa.

2.0 Asalin hanyar

Jadawalin ma'anoni tsari ne da ake jera ma'anoni a cikinsa hawa-hawa, kowace ƙarƙashin wadda ta fi ta faɗi: jaki ƙarƙashin dabbar gida, dabbar gida ƙarƙashin dabba, dabba ƙarƙashin abu mai rai. Tunanin ya daɗe, domin Roget ya yi wa Ingilishi irinsa a 1852, Hallig da Wartburg kuma suka fitar da nasu a 1952 da nufin ya zama tsani ga masu rubuta ƙamus. Abin da kwamfuta ta kawo shi ne fatan a tsamo jadawalin kai tsaye daga bayanin ƙamus. Dalili kuwa, bayanin suna yakan fara da kalmar da ta fi shi faɗi, watau uwar kalma, sa'an nan ya kawo abin da ya bambanta shi da ƴan'uwansa. Idan na'ura ta tsince uwar kowace kalma, sai jadawali ya tashi da kansa.

Amsler ya gwada wannan a Amurka a 1980 da wani ƙaramin ƙamus na Merriam-Webster, sai ya tarar rassan sun sarƙe, kuma a can sama kalmomi suna kewaya juna. A 1993 Ide da Véronis suka sake duba sakamakon irin wannan aiki, suka nuna cewa ƙamus guda ba ya bayar da jadawali sahihi, amma kuskure yana raguwa ƙwarai idan an gwama ƙamusoshi da yawa. Shi kuwa WordNet, wanda George Miller ya soma a Jami'ar Princeton a 1985, da hannu aka gina shi. Ana tara kalmomi masu ma'ana ɗaya a ɗaure su wuri guda kamar dami, kuma fitowarsa ta 2006 tana da irin waɗannan dammuna sama da 117,000.

Da aka zo haɗa harsunan Turai takwas a aikin EuroWordNet, tsakanin 1996 da 1999, sai aka bayyana hanyoyi biyu. Ta farko hanyar aro ce: a ɗauki dammunan Ingilishi yadda suke, a nemo wa kowane kalmar da ta dace a ɗaya harshen ta hanyar ƙamus mai harshe biyu. Ta biyu hanyar haɗe ce: kowane harshe ya gina nasa jadawali, daga baya a ƙulla su. Hanyar aro ta fi sauri da araha, shi ya sa ta fi karɓuwa, kuma da ita aka gina WOLF na Faransanci a 2008. Ita ce kuma za ta fara zuwa a ran duk wanda ya tashi yi wa Hausa wannan aiki, don haka ita wannan sharhi ya fi dubawa.

3.0 Ƙamusoshin da ake da su

Hausa ba ta rasa ƙamus ba, kuma ƙasar Damagaram tana da hannu a tarihinsa tun farko. Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Ingila a 1855 ya zama babban mai ba Schön bayani, haifaffen Dambanas ne kusa da Kance, kuma ƙamusun Schön ya fito a 1876. Ƙamusun Landeroin da Tilho na 1910 ya samu ne daga tafiyar da aka shata iyakar da ta ratsa kudancin Magarya da Dungas. Bargery ya fitar da nasa a 1934 da kalmomi kimanin 39,000, Abraham a 1949, Newman da Newman a 1977, Caron da Amfani a 1997. A Yamai Abdou Mijinguini ya wallafa ƙaramin ƙamusunsa na Hausa zuwa Faransanci, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da ƙamusunta na Hausa zalla a 2006.

Wanda ya fi kusa da batun wannan takarda shi ne ƙamusun Hausa da Faransanci na shirin Soutéba, na 2008, mai kalmomi 7,823, wanda aka tsara domin makarantun firamare. Aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka yi tare da masana na Nijar, ya juya shi zuwa siffar da kwamfuta ke iya karantawa, ya ɗora shi a intanet tare da na Barebari da Zabarmanci da Buzanci. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin ya rarrabe sassan kowace kalma: furuci mai nuna karin sauti, da ajin kalma, da bayani cikin Hausa, da misali, da takwara ta Faransanci. DiLAF bai yi da'awar gina jadawalin ma'anoni ba, amma ya buɗe ƙofa biyu ga mai son ginawa: ko ya shiga ta takwarar Faransanci, ko ya shiga ta bayanin Hausa. Misalan da ke tafe za su nuna inda ƙofar farko take kaiwa.

4.0 Gwaji

4.1 Hatsi

A daidaitacciyar Hausa ta Kano, hatsi uwar kalma ce, gero da dawa da maiwa suna ƙarƙashinta. A yawancin ƙasar Hausa ta Nijar kuwa, idan manomi ya ce hatsi, gero yake nufi, kuma yakan jera shi da dawa kafaɗa da kafaɗa:

(1) Bana hatsi ya yi, dawa ce ba ta yi ba.

Ga Bakano wannan jimla tana neman ta ci karo da kanta, ga mutumin Nijar kuwa magana ce sarai. Idan aka zuba ƙamusun Kano da na Yamai cikin na'ura ɗaya ba tare da alamar wuri ba, za ta fitar da cewa hatsi wani nau'i ne na hatsi, kuma dawa ƴarsa ce, ƴar'uwarsa ce a lokaci guda. Daɗin daɗawa, Faransanci yana kiran gero da maiwa da suna ɗaya, mil, kuma masana tsirrai sun yarda iri ɗaya ne. Manomi bai ɗauke su ɗaya ba, domin gero yana nuna cikin wata uku, maiwa kuwa sai damina ta janye. Hanyar aro za ta ɗaure su dami ɗaya a matsayin masu ma'ana guda. Takardar da ta ba da shawarar lokacin shuka, idan ta bi ta wannan dami, za ta iya sa sunan ɗaya a gurbin ɗaya, kuma asarar a gona za a gan ta.

4.2 Itatuwa

Sunan Magarya kansa sunan itace ne. Magarya da kurna dangin juna ne, Faransanci yana kiran su duka jujubier, alhali ko yaro ba ya rikita su. A wani gefen kuma Faransanci ne ke rabawa inda Hausa ta haɗa, domin yana da suna dabam ga itacen, dabam ga ɗansa, Hausa kuwa magarya take ce wa duka biyu. Haka nan itace ɗaya tak ya ƙunshi arbre da bois. Goruba da kaba tsiro ɗaya ne a wurin masanin tsirrai, giginya da muruci ma haka, amma Hausa ta raba su bisa ga girma da amfani: goruba ana cin ɗanta, kaba ana saƙa tabarma da ita. Jadawalin da aka gina a kan rabe-raben ilimin tsirrai ba shi da gurbin kaba.

Akwai kuma batun sassabe. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka yi a 2006 ya nuna cewa manoman Magarya da Matamai da Mirya sun raya itatuwa a gonaki da faɗinsu ya kai kimanin eka miliyan ɗaya ta awon Faransa, mafi yawansu gawo. Ana kiran wannan dabara sassaben zamani, watau a share gona amma a bar toho masu kyau su girma. Idan aka ɗaura sassabe a kan défrichement kawai, wanda ma'anarsa kawar da itatuwa ce, to an ba kalmar ma'anar da ta saɓa wa aikin da ya sa aka san wannan yanki a duniya.

4.3 Dangantaka

WordNet yana da dami ɗaya ga ɗan'uwan uba da ɗan'uwan uwa, kamar yadda Faransanci yake da oncle. Hausa tana da baffa ko baba ta wajen uba, da kawu ta wajen uwa, tana da goggo ta wajen uba, da inna ko iya ta wajen uwa. Babu wata kalma guda da ta rufe baffa da kawu su kaɗai. Hanyar aro za ta yi ɗayan biyu: ko ta mai da su masu ma'ana ɗaya, wanda ƙarya ne, ko ta zaɓi ɗaya ta watsar da ɗaya. Bambancin kuwa ba na baki ba ne kawai, domin baffa yana iya zama waliyyin aure kuma yana cikin magada ta wajen uba, matsayin da kawu ba shi da shi. Haka cousin ya haɗa ƴaƴan maza biyu da taubasai, alhali wasan taubasantaka tsakanin ɗan mace da ɗan namiji ne. Frère da sœur sun raba ƴan'uwa ta jinsi kawai, Hausa kuwa ta ƙara da shekaru, ta ce wa da ƙane, ya da ƙanwa.

4.4 Ci da sha

Claude Gouffé ya yi nazarin waɗannan aikatau biyu a 1966, Jaggar da Buba suka sake duba su a 2009. A fadamun Korama, inda ake noman rake, ana cewa:

(2) Ya sha rake. Ya sha mangwaro.
(3) Ya sha taba. Ya sha iska. Ya sha wahala.
(4) Ya ci tuwo. Ya ci bashi. Ya ci sarauta. Kasuwa ta ci.

Mai fassara zuwa Faransanci zai buƙaci aikatau dabam kusan a kowace jimla. Na'urar da ta bi takwarori za ta warwatsa sha cikin dammuna biyar ko shida da ba su san juna ba, ta yi wa ci haka nan. Abin da zai ɓace shi ne zaren da ya haɗa su, wanda Jaggar da Buba suka bayyana: ci yana karkata ga rinjaye da mallaka, sha kuwa ga abin da ya auka wa mutum ya jure. Misali na (2) ya nuna wani abu kuma, watau iyakar ci da sha a Hausa ba ta faɗa daidai kan iyakar manger da boire ba, tun ma kafin a kai ga ma'anonin aro. Alexandre François ya ba da shawara a 2008 cewa a riƙa lissafa ma'anonin da harshe ya tara cikin kalma guda a matsayin shaida game da harshen. Rana da wata da hannu da ƙafa duk irin wannan ne. Hanyar aro tana ɗaukar wannan shaida a matsayin matsala, tana share ta.

4.5 Kalma ɗaya, iyaka biyu

A kasuwar Magarya dala tana nufin tamma biyar ta kuɗin sefa, jaka kuwa dala ɗari biyu ce, watau sefa 1,000. A ƙetaren iyaka jaka ta samo ƙimarta daga fam ɗari na zamanin Ingilishi, ta zama naira 200, dala kuma a bakin mutanen yau kuɗin Amurka ce. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Dungas da Maigatari ya san ma'anonin duka, kuma wurin da yake tsaye ne ke gaya masa wadda ake nufi. Ƙamus kuwa yakan san ɗaya ne kawai, gwargwadon garin da aka rubuta shi.

Sarauta ma haka take. Wanda mulkin Faransa ya kira chef de canton, talakawansa sarki suke ce masa, kamar na Waca da na Dungas, waɗanda sarautarsu ta samo tushe daga ƙasashen Sosebaki. A Nijeriya mai riƙe da yanki irin wannan ƙarƙashin sarki hakimi ne. Idan aka ɗaura sarki a kan roi, an yi masa girman da bai dace da tsarin mulki ba, idan aka ɗaura shi a kan chef, an haɗa shi da shugaban ofis. Ga kuma sarkin noma da sarkin pawa da sarkin aska, waɗanda ba su da ƙasa ko kaɗan.

4.6 Rubutu

Ƙa'idar rubutun Hausa, ko ta Nijar wadda dokar 1999 ta tsayar, ko ta Nijeriya, ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali. Saboda haka fari na launi, da fari na rashin ruwa, da fari na somawa, siffarsu ɗaya a takarda. Gari na zama da gari na tuwo haka, kuka na hawaye da kuka ta miya haka. Mai karatu yana rarrabewa da taimakon jimla. Na'urar da ke tsintar uwar kalma daga bayanin ƙamus kuwa, idan ta ga an ce wani abu gari ne, ba ta da abin da zai hana ta jera shi tare da Damagaram. Ƙamusun Soutéba ya nuna karin sauti a kan kalmar da ake bayani, amma kalmomin da ke cikin bayanin da rubutun yau da kullum suke. Ko harafin ƴ na Nijar, wanda Nijeriya ke rubutawa da alamar ɗauri kafin y, ya isa ya raba kalma ɗaya gida biyu.

5.0 Hukunci

Daga waɗannan misalai za a ga cewa kuskuren hanyar aro iri huɗu ne. Tana haɗa abin da Hausa ta raba, kamar baffa da kawu. Tana raba abin da Hausa ta haɗa, kamar ma'anonin sha. Tana zubar da abin da babu gurbinsa a Ingilishi, kamar kaba da taubashi. Tana kuma rufe ido ga wuri, kamar yadda hatsi da jaka suka nuna. Ga mai shiga ta Faransanci akwai ƙari, domin dole ya bi ta harshe biyu kafin ya kai ga damin WordNet, kuma kowace gada tana da nata zamewa. Kalmar mil kanta, idan aka bi haruffanta kawai, tana iya kai gero ga dubu.

Ba a ce hanyar ba ta da amfani sam ba. A fannonin da ma'ana ta zo daga waje tare da abinta, kamar sunayen magunguna da sassan mota da awon kimiyya, aro ya wadatar. Haka kuma jerin ma'anoni na bai-ɗaya yana da amfani ga mai kwatanta harsuna, kamar jerin ma'anoni 1,460 da Ari Awagana da Ekkehard Wolff suka cika wa Hausa a 2009 domin nazarin kalmomin aro. Amma wannan ma'auni ne na kwatanci, ba hoton harshe ba ne. Kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Masu aikin jadawalin harsunan Afirka ta Kudu sun fara da hanyar aro, daga baya suka koma suna ƙara ma'anoni daga jerin kalmomin da aka tsara domin harsunan Afirka. A 2016 kuma aka buɗe jerin ma'anoni na haɗin gwiwa wanda ya yarda kowane harshe ya shigar da ma'anar da Ingilishi ba shi da ita. Ke nan babu sauran hujjar tilasta wa Hausa gurbin da ba nata ba.

Abin da ya dace shi ne hanyar haɗe, bisa waɗannan sharuɗɗa:

(a) A gina jadawalin daga bayanin Hausa zalla, na Soutéba da na Jami'ar Bayero, a gwama su da Bargery da Mijinguini, tun da an riga an ga cewa ƙamus guda ba ya isa.

(b) Kowace kalma ta sami shaida mai nuna karin sauti da tsawon wasali, har da uwar kalma da ke cikin bayani, ko da za a ɓoye wannan ga mai karatu.

(c) Kowace ma'ana ta ɗauki alamar wuri. Bargery ya yi haka tun 1934, yana nuna abin da ya ji a Katsina ko Sakkwato ko Daura, kuma ba daidai ba ne kwamfuta ta gaza abin da aka yi da alƙalami.

(d) Ƙulli tsakanin harsuna ya zama iri-iri: daidai, ko kusa, ko ya fi faɗi, ko ya fi ƙunci. EuroWordNet ya tanadi waɗannan tun farko. Da su za a ce oncle ya fi kawu faɗi, ba a ce ɗaya suke ba.

(e) A kai kowane reshe na jadawalin gaban masu sana'ar da ya shafa, manoma da mahauta da masaƙa da ungozomai, kafin a tsayar da shi.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta bayyana hanyoyi biyu na daidaita ma'anoni tsakanin harsuna, ta gwada ta aro da kalmomin noma da itatuwa da dangantaka da kasuwa da sarauta na ƙasar Magarya da Dungas, ta kuma nuna cewa a waɗannan fannoni kuskurenta ya fi daidanta nauyi. Hanyar haɗe ta fi tsada, tana kuma buƙatar ma'aikata masu jin harshen, amma kayan aikinta suna nan: ƙamusoshi na fiye da shekara ɗari, da ƙamusun DiLAF wanda aka riga aka rarrabe sassansa, da cibiyoyi a Yamai da Damagaram da Kano. Shawarar da za a bayar ita ce a fara da fanni guda, na hatsi da itatuwan gona, a tattara kalmominsa a ɓangarorin iyaka biyu, a gina masa jadawali cikakke, sa'an nan a auna shi da wanda hanyar aro za ta fitar. Sakamakon wannan ƙaramin gwaji shi zai nuna yawan aikin da sauran fannoni za su ci.